Ɗaki da falo, yara uku, kaya ko'ina: daga ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana da yaranmu uku muna zaune a ɗaki da falo na haya a Tudun Wadan Zariya. Kaya sun yi mana yawa: kwanukan aurena, tufafi, littattafan yara, ga buhunan abinci a bayan ƙofa. Bana da na jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado bayan damina, na tarar da atamfofina sun yi fumfuna, ɓera kuma ya huda buhun wake. Mai gidan hayar ya hana buga ƙusa a bango, kuma ba mu da halin sayen sabon sif yanzu. Ko akwai abin da za mu iya haɗawa da kanmu da kuɗi kaɗan?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya raya yaran, ya buɗa wa Malam maigidanki. In na fahimce ki, abu uku ne suka haɗe miki: wuri ya yi kaɗan, danshi da ɓera suna ɓata abin da aka adana, sannan bangon ba naku ba ne balle ku yi yadda kuke so da shi. Na daɗe ina aikin kafinta a garin nan, na shiga ɗakuna irin naki tun daga Samaru har cikin birni, kuma kusan ko'ina abin da nake tararwa iri ɗaya ne. Kaya duk suna zube a ƙasa, jingine da bango, daga ƙugu zuwa silin kuwa fili ne fetal. Ko sif kika saya kika dasa shi a kan wannan daɓen, kika manna bayansa da bango, atamfofin za su sake yin fumfuna a cikinsa. Saboda haka duk abin da zan faɗa miki a kan abu ɗaya yake tafiya: kaya su bar ƙasa, su bar jikin bango, su hau sama.

Abin da ya ci atamfofin

Ruwan da ke sauka a Zariya a shekara ya kai wajen milimita 1000, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, Agusta kuma ta fi kowanne wata. A lokacin ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Yawancin gidajen haya ana zuba simintin daɓensu ne kai tsaye a kan ƙasa, ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashi ba, siminti da bulo kuwa suna shan ruwa a hankali su turo shi sama. Inda iska ke wucewa, danshin yana bushewa ba wanda ya sani. Inda aka ɗora akwati ko buhu, sai ya rasa hanyar fita ya taru a nan. Na taɓa ɗaga wata adaka a wani gida a Samaru a tsakiyar Agusta. Daɓen ɗakin a bushe yake sarai, amma inda adakar ta zauna ya yi baƙi daidai da girmanta, in ka sa tafin hannu sai ka ji sanyi, ga hanyar gara siririya kamar igiya ta taso daga tsagar siminti ta shige gindin adakar. Matar gidan tana shara kullum. Tsintsiya ce ba ta taɓa isa wurin ba.

Ledar tsakar ɗaki ma tana ƙara riƙe danshin. Ki ɗaga gefenta ta wajen gadon ki shinshina, za ki gane.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin siminti. Shi ya sa rumbu ke zaune a kan duwatsu, ƙwaryar nono ke rataye a ragaya, tufafi kuma a kan igiya ko gora da aka gitta a ƙuryar ɗaki. Mu ne muka koma ɗakin siminti muka ɗauka shi ke nan an rabu da danshi.

Aikin farko, wanda ba ya bukatar guduma

Ki sa Malam ya samo bulo mai inci 6 guda shida da falanki biyu mai faɗin inci 12, a yanka su tsawon ƙafa 4 ko 5, gwargwadon wurin. A kwantar da bulo a jere uku, biyu-biyu, ɗaya jeren a tsakiya saboda kada falankin ya lanƙwashe, a ɗora falankan a kai. Tsakanin bulo da katako a sa guntun leda mai kauri ko yankin tsohon tif na taya, domin bulo da kansa yana jan ruwa daga daɓe ya miƙa wa katako. A bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bango. Wannan shi ne gadon kayanki. Buhun shinkafa mai kilo 50 da akwatuna da jarkoki duk a kai za su zauna, tsintsiya tana shiga ƙarƙashi, iska tana zagayawa, kuma ranar da gara ta fara gina hanya a jikin bulo za ki gan ta tun ba ta isa katako ba.

Akwatin ƙarƙashin gado ma haka. In gadon yana da tsayi, guntayen katako biyu kawai za ki shimfiɗa a ƙarƙashinsa ya ɗago ko da inci 2 ne. In gadon gajere ne har akwatin yana gogar katifa, gara a fitar da shi daga nan gaba ɗaya.

Kanta mai tsayawa da ƙafarta

A nan zan ɗan daɗe, don ita ce za ta buɗe miki ɗakin, kuma ba ta taɓa bangon mai gida ba.

Filawud guda yana zuwa ne ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, wato inci 48 da inci 96. In aka tsaga shi gida uku ta tsawonsa, kowane yanki ya zama inci 16 a faɗi. In aka sake yanka kowanne gida uku, sai a sami alluna tara, kowanne kusan inci 16 da inci 32, ba abin da ya tafi a banza sai abin da zarto ya ci. Na zaɓi wannan awon ne da gangan. Inci 16 yana ɗaukar kwalla babba da tufafin da aka ninke, hannu kuma yana isa ƙarshensa. Inci 32 kuwa shi ne iyakar tazarar da nake yarda filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu ya ɗauki nauyi ba tare da ya yi ciki ba. In aka wuce haka, bayan wata shida za ki ga tsakiyarsa ya lotsa, musamman in littattafai ne a kai. Alluna tara sun ishi kanta biyu, ɗaya mai hawa biyar, ɗaya mai huɗu.

Ƙafafun kuwa katakon tu-bai-tu ne, wato mai inci 2 a kowane gefe, wanda ake sayarwa tsawon ƙafa 12. A raba shi biyu, ya ba da ƙafa biyu masu tsawon ƙafa 6. Ke nan kowace kanta tana cin guda biyu a ƙafafu, da wasu biyun da za a yayyanka inci 16-16 a matsayin matakai. Ana haɗa ta ne kamar tsani: a kwantar da ƙafafu biyu a ƙasa, a buga matakan a tsakaninsu da ƙusa mai inci 3, a yi tsani na biyu daidai da na farko, a tsayar da su, a ɗora allunan a kan matakan a buga da ƙusa mai inci 2. Matakin ƙasa ya fara daga inci 6 sama da daɓe. Kafin a buga komai, ki ɗauko abin da ya fi tsayi cikin kayan da za su zauna a kowane hawa ki gwada, kada a gama a tarar kular abinci ba ta shiga.

Akwai abu guda da masu haɗawa a gida suke mantawa, shi ne gicciyen baya. Kanta mai ƙafa huɗu da alluna kawai, in kika tura ta da hannu za ta yi gefe, kuma kullum ƙusoshin suna ƙara sakewa. A buga siririn katako a bayanta daga kusurwar sama ta hagu zuwa kusurwar ƙasa ta dama, ko a rufe bayan da siririn filawud. Nan take za ta tsaya ƙyam.

Wajen saye, Malam ya je 'Yan Katako a Sabon Gari, ya ce a yanka masa a can, don tsaga filawud da zarton hannu a miƙe ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda bai saba ba. Ya ɗaga kowane tu-bai-tu ya sa ido ɗaya a bakinsa ya dubi tsawonsa, wanda ya karkace ya mayar. Ya guji ɗanyen katako, ana gane shi da nauyi da sanyi a hannu. Ɗanyen katakon da aka yi aiki da shi da damina, da hunturu ya shigo zai bushe ya tsuke ya murɗe, mahaɗai su buɗe. Ya kuma guji allon nan mai santsi na garin katako da ake kira MDF. Yana da kyan gani, amma da gindinsa ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodi, ba ya kuma komawa. Obeche yana da sauƙin aiki da araha, sai dai ƙwari suna sonsa, don haka a shafa masa maganin gara irin Solignum a waje, a bar shi kwanaki ya sha iska har warin ya tafi kafin ya shigo ɗaki. Hawan da za a sa kayan abinci a kai a bar shi da fenti kawai. Ƙarƙashin kowace ƙafa a buga ɗan yankin tsohuwar taya.

In katako yana tsagewa wajen buga ƙusa kusa da baki, a juya ƙusar a daki tsininta sau ɗaya da guduma ta dakushe, a goga ta a sabulu. Gam ɗin katako kaɗan a mahaɗa kafin ƙusa yana ƙara ƙarfin aikin.

Idan kantocin biyu suka samu, ga sif ɗinki ya fito. A tsayar da su da tazarar ƙafa 3 a tsakani, a gitta fayif ɗin ruwa na ƙarfe ko miƙaƙƙiyar gora daga wannan zuwa waccan a can sama, a ɗaure da waya. Manyan rigunan Malam da hijabanki da kayan makarantar yara su rataya a nan, takalma a ƙarƙashi. A ja waya a gaba a sa labule ko tsohon zanen gado, ya tare ƙurar hunturu, da damina kuma a riƙa yaye shi da rana iska ta shiga. Ranar da za ku tashi daga gidan, kowace kanta mutum biyu sun ɗauke ta.

Maganar yara ba ta wasa ba ce. Yaro yana ganin kanta tsani yake gani. Mafi nauyin kaya ya zauna a hawan ƙasa, mara nauyi a sama, sannan a ɗaure saman kantar da waya mai ƙarfi a jikin ƙarfen taga. In ba taga a kusa, Malam ya sami mai gidan ya roƙi izinin huda biyu kawai, ya yi masa alkawarin toshewa ranar tashi. Yawancinsu ba ƙusa ɗaya suke ƙi ba, ɓarnar da aka taɓa yi musu suke tunawa. In ya yarda, a huda da injin huda a sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a hudar, da sukuru, don ƙusar kankare a bulo mai rami takan fasa filasta ta kuma saki daga baya. Kada a huda daidai saman soket ko makunnin wuta ko ƙarƙashinsu, ta nan waya take bi. Kalanzir da magani da maganin ƙwari su hau can sama, kuma kada a taɓa zuba kalanzir a robar lemo ko ta ruwan sha.

Na koyi tsoron rataya nauyi a bango tun ina sabon shiga. Na buga wa wata baiwar Allah kanta a cikin birni, a bangon ƙasa da aka yi wa shafen siminti. Da rani ƙusoshin sun kama gam. Da damina ta yi nisa ƙasar ciki ta yi laushi, kantar ta zubo da tangaran ɗinta cikin dare. Allah ya kiyaye ba kowa a ƙarƙashi. Har yau in na tuna fuskarta tana tsince fasassun faranti raina yana ɓaci, kuma tun daga ranar ban sake ɗora wa bangon da ban san cikinsa ba nauyi.

Kwanukan aure

Ba zan ce ki rabu da su ba. Na san abin da uwa take sha kafin ta haɗa wa 'yarta jere, kuma na san ba a kallonsu a matsayin kwano kawai. Amma kwallar da ke zaune wayam tana cin wuri sau biyu, nata da na abin da ya kamata ya shiga cikinta. Kwalla da samira masu murfi ba su da na biyu wajen ajiya: ɓera ba ya huda su, kyankyaso ba ya shiga in murfin ya zauna daidai. Garin tuwo, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, kowanne a ƙulle a leda a sa a tasa kwallar. Kin ga jeren yana nan a kan kanta ana ganinsa, ƙullin ledojin da ke rataye ko'ina kuma sun ɓace. Waɗanda suka rage a zura ƙarami cikin babba, da ɗan ƙyalle a tsakani, saboda inda fentin ya ɓantare nan tsatsa take kamawa.

Wake da hatsi

Ɓera yana cin buhu, yana ma iya cin roba in ya sami bakin da zai kama. Ƙwaron wake kuwa tun daga gona yake biyo shi, don haka ko ɓera bai zo ba, buhun da ke bayan ƙofa zai zama gari. Maganin ƙwaron shi ne hana shi iska. Ki sami jarkar man gyaɗa wadda ba a taɓa zuba fetur ko wani magani a ciki ba, ki wanke ki kife ta kwana biyu ta bushe ƙarƙaf. Waken ma a shanya shi har in kin ciza ya ce ƙas. A cika jarkar har wuya, ana girgizawa ana ƙarawa, a sa leda a baki a murɗa murfin sosai. In an bar ta wata biyu ba a buɗe ba, ƙwarin da ke ciki sun mutu. Na cin yau da gobe ki ware shi daban a kwalla. In waken ya kai buhu, akwai buhun PICS da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, kowanne ana ɗaure bakinsa daban. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan noma, kuma dabararsa ɗaya ce da ta jarka. Shi ma a kan gadon kaya zai zauna, nesa da haƙorin ɓera.

Don girman Allah kada a zuba Sniper ko ƙwayar feshin sito a abincin da ke ɗakin da ake kwana. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka, kuma irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Albasa da doya da dankali su kuma akasin wake ne, iska suke so, sai a kwando a hawan ƙasa.

Tufafi da takardu

Atamfofin da suka yi fumfuna a kakkaɓe su a waje, a wanke, a shanya a juye. Duk abin da za a adana ya bushe sarai, kuma in an yi guga a bar shi ya huce kafin a ninke, don tururin da ya rage a cikinsa shi ne farkon fumfuna. Kwali ba abin ajiya ba ne a garin nan. Yana shan danshi, kyankyaso yana ƙwai a cikin raminsa, gara kuma abincinta ne. Jakar gana-masgo ta fi shi ga barguna da rigunan sanyi, a ɗora a can saman kanta tunda sai Disamba za a neme su.

Kafur yana korar asu, amma ki yi hattara da shi. Yara suna ɗaukarsa alewa, kuma likitoci suna hana sa shi a kayan jarirai saboda yana iya jawo wa wasu jariran shawara mai tsanani. Ni a gidana busasshen ganyen dogon yaro muke ƙullewa a ƙyalle mu sa a kusurwar akwati, a sauya shi in ya daɗe.

Takardun haihuwa da na makaranta da rasiɗin haya a sa su a leda mai kauri, a cikin gwangwani ko ƙaramin akwatin ƙarfe, a hawan sama. A ɗauki hotonsu a waya.

Bayan ƙofa ma wuri ne. Mai walda zai lanƙwasa miki siririn ƙarfe biyu da za su maƙale a saman ƙofar ba tare da ƙusa ba. Tela ya ɗinka miki tsohon zane mai ƙarfi da aljihuna jere-jere, ki rataya a kai: safa, mataji, hula, burushi, duk ƙananan abubuwan da ake nema da safe ana makara. Jakunkunan makaranta kuwa a buga musu ƙusa uku a gefen kanta daidai tsayin kowane yaro, kowa ya san tasa.

Wajen jerawa, abin da hannu ke taɓawa kullum ya zauna tsakanin gwiwa da kafaɗa, na Juma'a da na fita unguwa sama da shi, kayan Sallah da na sanyi can ƙololuwa. Sau biyu a shekara a fitar da komai a shanya: a Afrilu kafin ruwa ya sauka, da farkon Nuwamba bayan ya ɗauke. A ranar ne za ki ga rigunan da suka yi wa yara kaɗan da robobin da ba su da murfi, kuma ba a rasa mabuƙaci a dangi ko maƙwabta.

Inda aikina ya tsaya

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ban ga naki ba. In fentin gindin bango yana kumbura yana zubowa, ko farin gishiri yana fitowa a jikinsa, ko danshin ya haura gwiwa, wannan ya wuce kanta da bulo. Ruwa ne yake kwanciya a bayan ginin, ko fayif ya fashe, ko kwano yana zuba a jikin bango, kuma aikin magini ne da mai gida. Haka in gara ta riga ta kama ƙyauren ƙofa ko katakon rufi, a sanar da shi da wuri, don gidanta yana ƙarƙashin ƙasa, goge hanyar da ake gani ba ya kashe ta. Kafin a gyara, ki matsar da kayanki zuwa bangon da ke tsakanin ɗaki da falo, shi ya fi bushewa saboda ruwan sama ba ya dukansa.

In kuɗin bai isa a yi duka lokaci ɗaya ba, a fara da bulo da falanki da jarkar wake a wannan watan. Filawud ya jira wata mai zuwa, in ma an dace ya faɗo cikin rani, lokacin katako ya fi bushewa. Malam ya je da awon ɗakin a rubuce, har da faɗin ƙofa, kada a haɗa kanta a tsakar gida ta ƙi shiga. Allah ya sa albarka.